Bayan an buɗe ƙofa: nazari kan fursunoni 4,068 da aka biya wa tara a 2023

A ranar Asabar 18 ga Nuwamba, 2023, ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya je gidan gyaran hali na Kuje da ke Abuja ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 daga gidajen yari daban-daban na Najeriya. Dukansu mutane ne da kotu ta riga ta yanke wa hukunci, ta ba su zaɓin biyan tara ko biyan diyyar ɓarnar da suka yi, suka kasa, aka wuce da su ciki. Sharaɗin shiga cikin shirin shi ne kada kuɗin da ake bin mutum su wuce Naira miliyan 1. An biya Naira miliyan 585, kuma a cewar ministan ba daga baitulmali kuɗin suka fito ba, kamfanoni ne da ƙungiyoyi da masu hannu da shuni suka haɗa.

Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne cunkoso. A lokacin akwai mutum sama da 80,000 a tsare a gidaje 253 waɗanda gaba ɗayansu ba su kai su ɗauki 50,000 ba. Akwai kuma lissafin aljihu. Naira 750 ake ware wa kowane fursuna na abinci a rana a wancan lokaci, wato waɗannan 4,068 suna cin kimanin Naira miliyan 3 kullum. In ka raba miliyan 585 ɗin a tsakaninsu, kowanne zai tashi da kimanin Naira 144,000. Kuɗin ciyar da shi na wata shida da 'yan kwanaki ke nan. Ma'ana, ƙasa tana iya kashe wa mutum abin da ya fi tararsa a kan wake da garin da zai ci yana zaune, don kawai ya kasa biyan tarar. Ta wannan fuskar babu mai hankalin da zai soki sakin.

A Kano an yi bikin ne a sabon gidan yarin Janguza da ke kan titin Gwarzo, inda aka sallami mutum 150, aka ba kowannensu Naira 10,000 na kuɗin mota. An yi musu nasiha, an kuma roƙi jama'a su karɓe su hannu bibbiyu, kada a tsangwame su. 'Yan jarida suka ɗauki hoto, aka watse. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne abin da ke jiran mutum daga bakin wannan ƙofa zuwa ƙofar gidansu, da kuma watannin da ke biye.

Su wa aka saki?

Wanda ya taɓa zama a kotun majistare ko ƙaramar kotun shari'a na rabin yini ya san irinsu. Satar waya, satar akuya, faɗa da ya kai ga rauni, kama mutum da ƙwaya ko wiwi, sai kuma babban rukunin nan na cin amana da zamba. Wannan na ƙarshe yakan faro ne a matsayin ciniki: an ba mutum kaya ya sayar, ko an ba shi kuɗi ya juya, kuɗi suka narke, mai dukiya ya ga zuwa wurin 'yan sanda ya fi masa sauri a kan ƙarar neman haƙƙi. Alƙali ya ce wata shida ko tarar kaza, kuma a biya mai ƙara kuɗinsa. Wanda ke da ɗan'uwa mai hali, kafin a tashi kotu an biya, ya kwana a gida. Wanda ba shi da kowa ya hau motar gidan yari.

Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Waɗannan 4,068 ba su fi sauran masu irin laifinsu mugunta ba. Abin da ya bambanta su shi ne a ranar da aka yanke musu hukunci ba a sami wanda zai fitar musu da dubu hamsin ko dubu ɗari ba. Ko dai danginsu ba su da shi, ko kuwa suna da shi amma sun gaji, sun ce a bar shi can ya yi hankali. Ko wanne ne, mutumin da aka saki ya koma ne wurin mutanen da suka kasa ko suka ƙi fitar da shi.

Makon farko

An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun wannan shekarar, kuma zuwa Nuwamba lita ta haura Naira 600. Dubu goman da aka ba su ba ta fi kuɗin lita 16 ba, sulusin mafi ƙarancin albashi na lokacin, wanda yake Naira 30,000. Ga wanda gidansu ke Kurna ko Sheka, za ta kai shi gida har ya ci abincin kwana biyu. Ga wanda ya zo ci-rani daga wani ƙauyen Jigawa ko Katsina aka kama shi a Kano, tasha ce za ta cinye mafi yawanta.

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu da ya yi wata takwas a ciki. Ya fito da kayan da aka kama shi da su a jikinsa da leda a hannu. Wayarsa, in ma an dawo masa da ita, layin ya daɗe ba a amfani da shi, wataƙila kamfani ya rufe shi, kuma duk lambobin masu ba shi aiki a ciki suke. Ɗakin da yake haya an fitar da kayansa an zuba wani. Jikinsa duk ƙuraje da ƙazuwa irin ta cunkoso, wataƙila har da tarin da ya kamata a ce an duba shi a asibiti kafin ya kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa. In yana da mata, ta koma gidansu tun wata na biyu, kuma iyayenta suna da damar kai ƙara gaban alƙali a kan rashin ci da sha. In bashi ne ya kai shi, akwai wasu basussukan da ba su kai kotu ba, kuma masu su sun ji labari ya fito.

Uwa takan karɓa. Ita ce za ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ɗora masa ruwan wanka. Uba da yayye maza su ne sukan ɗaure fuska, musamman in a cikin unguwa aka yi abin, ana gaisawa da wanda aka yi wa a masallaci kullum. Sai ka ga yaro yana gida amma kamar baƙo: ana kulle ɗaki in za a fita, ana ƙirga canji in an aike shi.

Su kuwa abokan majalisa ba sa ƙirga komai. Su ne za su fara zuwa yi masa barka, su saya masa shayi da burodi, su ba shi aron waya. In waɗanda suka kai shi ga halin da ya shiga ne, to ga su nan tun daren farko, kuma su kaɗai ne ba su canza masa fuska ba. A ganina a nan ake asarar yawancin waɗanda ake asara, tun kafin a zo maganar sana'a ko jari.

Wa zai tsaya masa?

Aiki a ƙasar Hausa, wanda ba na ofis ba, ba da takarda ake samun sa ba. Da mutum ake samu. Mai Adaidaita Sahu ba zai miƙa maka mukulli ka riƙa kawo masa balas ba sai ka zo da wanda zai tsaya maka, wanda in ka gudu shi za a kama. Ɗan kasuwa a Kwari ko Singa ba ya ɗaukar yaron shago daga titi, sai wanda wani amintacce ya kawo ya ce ɗan wane ne, na san gidansu. Haka mai garejin kanikanci, haka mai gidan burodi, haka ko gadin gida. Aure ma haka: iyayen yarinya za su tura bincike unguwarku, kuma mutum na farko da za a tambaya zai ce, "Yaron kirki ne, sai dai fa ya taɓa zuwa gidan yari." Magana ta ƙare.

Abin da ɗauri ke cinyewa ke nan, kuma shi ne abin da miliyan 585 ba ta saya ba. Mutum zai iya fitowa da ƙarfinsa da sana'arsa a hannu, amma babu mai sa hannu a kansa. Kuma ba za a ga laifin masu ƙin tsayawar ba gaba ɗaya. Wanda ya tsaya wa wani, dukiyarsa da mutuncinsa ya jingina. Nasihar da aka yi a Kuje da Janguza, cewa jama'a su daina tsangwama, tana da kyau, amma roƙo ne ga talaka ya ɗauki kasadar da hukuma ba ta ɗauka ba. Ita kanta gwamnatin tarayya, a dokokin aikinta, ba a ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi sai da amincewa ta musamman daga hukumar kula da ma'aikata.

Ga kuma 'yan sanda da 'yan sintiri. Da zarar an fasa shago a layi, sunan wanda bai daɗe da fitowa ba shi ne a sahun gaba. Ko an sake shi washegari, ya rasa yinin aiki, kuma maigidan da ya daure ya ɗauke shi ya fara tunani.

Ba wai al'ummarmu ba ta iya tarbar wanda ya fito daga kurkuku ba ne. Olusegun Obasanjo ya fito daga gidan yarin Yola a watan Yunin 1998, bai cika shekara ba ya zama shugaban ƙasa. Tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, waɗanda aka ɗaure kan dukiyar jama'a, an yi musu afuwa a 2022, suka fito daga Kuje magoya baya na murna. Ba a taɓa jin babban mutum ya fito ya rasa mai tsaya masa ba. Ɓarawon akuya ne ke rasawa.

Abin da doka ta tanada

Abin mamaki shi ne dokar ƙasa ta hango wannan matsala. A shekarar 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar hukumar gidajen gyaran hali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar gidajen yari ta 1972. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: tsare mutane, da kuma hukuncin da ba na tsarewa ba. A ƙarƙashin na biyun akwai aikin yi wa al'umma hidima a maimakon ɗauri, da sakin mutum bisa sharaɗi ana sa masa ido, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifin, har da zaman da ake haɗa iyalan ɓangarorin biyu. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyawun hali ga fursunan da ya nuna ya gyaru, ta ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi.

Da an yi aiki da tanadin yi wa al'umma hidima yadda ya kamata, da yawa daga cikin 4,068 ɗin ba za su ma shiga ba. Wanda ya kasa biyan tarar dubu talatin, a sa shi sharar asibiti ko kasuwa na wasu makonni, yana kwana a gidansu, ɗakinsa da matarsa da ubangidansa suna nan. Tun 2015 dokar gudanar da shari'ar laifuka ta ba alƙalai wannan dama. Amma alƙali ba zai yanke hukuncin shara ba in babu jami'in da zai tabbatar an yi sharar, kuma ɓangaren ma'aikatan da ke wannan aiki shi ne ƙaramin ƙane a hukumar, ga ƙarancin mutane ga ƙarancin abin hawa.

Ita kuwa takardar kyawun hali, ra'ayina shi ne an yi ta ne da tunanin mai neman aikin ofis. Alhajin da ke da shago a Kwari ba zai karanta ta ba, in ma ya karanta, shaida ce a wurinsa cewa lallai an taɓa ɗaure ka. Takarda ba ta biyan asara in kaya suka ɓace.

Batun koyon sana'a a ciki shi ma yana buƙatar a dube shi da idon basira. Gaskiya ne akwai wuraren koyon ɗinki da kafinta da walda da aski a manyan gidajen yari, akwai gonaki irin na Kujama a Kaduna da Lakushi a Filato, fursunoni na zana jarrabawar kammala sakandare, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a wasu gidajen inda ake karatu kyauta. Har UNESCO ta ba hukumar lambar yabo kan yaƙi da jahilci a 2018. Akwai kuma shirin bai wa wasu kayan aiki bayan sallama, kamar keken ɗinki ko injin walda. Sai dai duk waɗannan sun fi amfanar mai dogon zama. Wanda aka yanke wa wata shida ko tara ba ya daɗewar da zai iya yanka riga. Ya zauna daidai gwargwadon da zai rasa abin da yake da shi a waje, bai zauna gwargwadon da zai koyi wani abu a ciki ba. Wanda ma ya samu keken, in ba shi da shago ba shi da mai kawo masa ɗinki, yunwar mako biyu ta isa ta sa ya kai shi kasuwa.

Wanda aka yi wa laifin

Akwai mutum ɗaya da ba a gani a hotunan ranar sallama: mai ƙara. A inda hukuncin ya haɗa da diyya, an biya shi kuɗinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wani kamfani ne ya biya, ba wanda ya cuce shi ba. Ba a zauna ba, ba a ce "na tuba" ba, ba a ce "na yafe" ba. Mutanen biyu za su haɗu a layi ɗaya washegari, ɗaya na ganin an saki ɓarawonsa, ɗaya na ganin ga wanda ya kai shi ɗauri.

Wannan kuwa abu ne da unguwa ta iya tun kafin a rubuta doka. Mai unguwa da liman da dattawa biyu su zauna a zaure, a kira yaro da ubansa, a kira wanda aka yi wa laifi, yaro ya durƙusa ya nemi gafara a gaban mutane, a yi addu'a a shafa. Amfanin wannan zama ya wuce sanyaya zuciya. A nan ne ake samun wanda zai ce, "To, gobe ya zo garejina, ni na ɗauke shi," domin ya san a gaban shaidu aka yi, kuma in yaro ya karkace akwai wurin da zai kai kuka. Da an tura wa masu unguwanni sunayen waɗanda za a saki mako guda kafin ranar, da an rage wa mutane da yawa wahalar makon farko, kuma ba a buƙatar miliyoyi kafin a yi hakan.

A Japan an mayar da irin wannan aiki tsari tun 1950. Suna da 'yan sa-kai sama da 40,000, yawancinsu dattawan unguwa, ba a biyan su albashi, ma'aikatar shari'a ce ke naɗa su. Tun mutum yana ciki sukan je gidan da zai koma su ga ko za a karɓe shi, bayan ya fito kuma su riƙa ganawa da shi kamar sau biyu a wata, sau da yawa a gidajensu. Akwai kuma rajistar masu sana'o'in da suka yarda su ɗauki tsofaffin fursunoni, kuma gwamnati na da tsarin biyan maigida wani abu in wanda ya ɗauka ya jawo masa asara. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jan hankalina, domin ya amsa ainihin tambayar da mai Adaidaita Sahu ke yi: in ya gudu da ita, wa zai biya ni?

A Kano an ɗan gwada wani abu makamancin tsayawa a wannan shekarar ta 2023, lokacin da kwamishinan 'yan sanda Mohammed Usaini Gumel ya buɗe ƙofa ga 'yan daban da ke son ajiye makami. Da aka ɗauki wasu daga cikinsu aikin 'yan sandan sa-kai aka sa musu kaki, sai gari ya ɗauka da ce-ce-ku-ce. Masu sukar suna da hujja, domin ba mutum aiki daban, ba shi iko a kan mutanen da ya taɓa firgitawa daban. Amma abin ya nuna cewa da hukuma ta fito ta ce ta tsaya wa mutum, ana samun masu ajiye wuƙa.

Nauyin wa ne?

Kafin 1968 yawancin gidajen yarin Arewa na En'e ne, wato hukumar gargajiya, a ƙarƙashin sarakuna, kamar na Kurmawa da ke bayan gidan Sarkin Kano, wanda aka gina tun 1910. Ba zamani ne da za a yi wa kwalliya ba, 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU da suka sha ɗauri a cikinsu sun san haka. Amma hukumar da ke ɗaure mutum ita ce ke da dagaci da mai unguwar da zai koma wurinsu. Da aka haɗe gidajen yari a hannun tarayya, sai zaren ya tsinke: kotun jiha ce ke yanke hukunci a kan dokar jiha, Abuja ke tsarewa da ciyarwa, ranar fita kuma ba na kowa ba ne.

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Yawancin tattaunawar da ta biyo baya a kan gini da ciyarwa take, wa zai biya. Alhali abin da jiha ta fi tarayya iyawa shi ne na bayan fita, domin ita ke da masarautu da hukumar zakka da Hisba da ma'aikatun matasa. Masu bashi suna cikin rukuni takwas da Alƙur'ani ya ambata a masu cin zakka, kuma kowane azumi da sallah gwamnoni da attajirai suna zuwa gidan yari su biya wa mutane tara. Kuɗin na tsayawa ne a bakin ƙofa. Da za a ware ko da kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan kuɗi a ajiye a matsayin jingina ga duk mai sana'ar da ya ɗauki wanda aka saki na wata shida, da an fitar da mutane kaɗan amma an rage masu komawa.

Shirin na Nuwamba kuma bai taɓa mafi yawan mazauna gidajen ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba, don haka babu tarar da za a biya musu. Wasunsu sukan fita ne ranar da babban jojin jiha ya kai ziyara ya ga sun zauna fiye da abin da za a ɗaure su da an same su da laifin. Irin wannan mutum doka ba ta kira shi mai laifi ba, saboda haka ba ya cikin lissafin waɗanda ake gyarawa. A unguwa kuwa babu mai tambayar ko an yanke masa hukunci ko ba a yanke ba. Shekara uku ba a gan shi ba, kuma kowa ya san inda yake.